Kuɗi munka biya don ganin fitowar rana a bakin tekun Zanzibar, ga yadda ta kaya

Tun da munka dawo Sakkwato ban huta da tambaya ba, musamman daga waɗanda sunka ga hoton da na ɗora a status, wanga hoton na rana tana fitowa daga cikin ruwa. Wata maƙwabciyata a Mabera ma cewa ta yi, Hajiya wai da gaske kuɗi kunka biya don ku ga rana, ranar da ke gasa mu kyauta nan garin? Na ce mata e wallahi kuɗi munka biya, kuma in Allah Ya sake ba ni iko zan sake biya, amma ba yadda munka yi na farko ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai dalla-dalla, abin da ya yi daɗi da wanda bai yi ba, saboda kar wata ta tara kuɗinta na adashe shekara guda ta je ta yi irin kuskuren da munka yi ranar farko.

Mu huɗu munka tafi, ni da Abban yara da ɗiyanmu biyu, babbar shekararta goma sha ɗaya, ƙaramin bakwai. Lokacin hunturu ne, mun baro Sakkwato cikin hazo, irin hazon nan da rana ke fitowa fara fat kamar faifai kana kallonta ido da ido ba ta yi maka komai. Daga nan zuwa Abuja, daga Abuja jirgin Habasha zuwa Addis Ababa, anka canza mana jirgi sai Zanzibar, filin jirginsu sunansa Abeid Amani Karume. Wanda zai je ya sani mu 'yan Najeriya tun daga gida ake neman bizar Tanzaniya ta intanet kuma a nema da wuri, a riƙe katin rigakafin shawara, sannan tun watan Oktoba na 2024 sun sa inshora ta dole ga duk baƙon da zai shiga tsibirin, dala 44 ce ta babba. Wannan ba shi ne zancen ba amma gara in faɗa.

Inda munka sauka wani ƙauye ne da ake kira Jambiani, a gabashin babban tsibirin da su ke ce wa Unguja, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci a mota daga filin jirgi, hanyar ta ratsa ta dajin Jozani inda wasu jajayen birai suke. Da gangan Abban yara ya zaɓi gabas. Ya ce min in fitowar rana kike so ki gani daga cikin teku to dole bakin ruwan ya fuskanci gabas, na Legas kudu yake kallo, can rana ta gefe take ɓullo maka, cikin garin Zanzibar ɗin kansa kuma wato Stone Town yamma yake kallo, faɗuwar rana ake zuwa gani can. To a Jambiani kana fitowa daga ɗaki ka miƙe, teku ce gabanka har iyakar ganinka kuma ta nan ranar za ta fito.

Yanzu zancen hidimar da munka biya. Ba otal ɗin ke yi ba, wasu mutanen ƙauyen ne ke da ɗan ofis bakin hanya, otal ke haɗa ka da su. Abin da sunka ce za su yi mana shi ne su zo su ɗauke mu bayan sallar asuba, su sa mu cikin jirgin ruwansu na gargajiya da ake kira ngalawa, a shiga da mu cikin teku mu ga fitowar rana daga can, a ba mu abin karin kumallo cikin jirgin, a ɗauke mu hoto, a dawo da mu. Kwatankwacin dala 30 kowane babba, yara rabin kuɗi. Munka biya tun daren, anka ba mu rasit, har nan babu matsala.

Sai saƙo ya shigo wayar Abban yara wai mu shirya 11:30 alfajiri. Munka tsaya muna kallon juna, sha ɗaya da rabi kuma, ina fitowar rana ina sha ɗaya da rabi? Ya kira lambar ba a ɗauka ba, sai da ya sauka wajen yaron da ke tsaron kanta a otal ɗin shi ya warware mana. Ashe su masu harshen Suwahili lissafin agogonsu daga wayewar gari yake farawa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wajensu, shida na safe shi ne sha biyu, don haka sha ɗaya da rabi ɗinsu biyar da rabi ce tamu. Abin ya burge ni ƙwarai da na gane shi, lissafi ne mai ma'ana ga mutanen da ranarsu ke fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara. Amma dai wanda ke hulɗa da baƙi ya kamata ya rubuta lokacin yadda baƙon zai gane, da ba mu tambaya ba da mun yi barcinmu kuɗi sun tafi. Wannan shi ne laifinsu na farko, ƙarami ne.

Wani abu da ban taɓa tunaninsa ba sai da munka je, alƙibla. Mu a Sakkwato tun muna yara mun saba alƙibla gabas take, inda rana ke fitowa nan kake fuskanta, har ma gabas muke ce mata, a ce ka fuskanci gabas. Da asubar farko na shimfiɗa sallaya ta wajen teku ba tare da wani tunani ba, sai ɗiyata ta ce Umma dubi kibiyar da anka liƙa a silin. Arewa ta nuna. Na duba waya ita ma arewa. Ashe Makka kusan saitin arewa take da Zanzibar, don haka in ka tsaya salla teku da mafitar rana suna hannunka na dama. Wallahi sai da na ɗan zauna, na ce ikon Allah, Ka'aba guda ce amma kowa da inda yake fuskantarta. Abban yara shi masallacin ƙauyen ya tafi, ya dawo yana ba ni labari wai bayan an ɗago daga ruku'u a raka'a ta biyu liman ya ɗaga hannu ya yi alƙunutu a bayyane ana amsa amin, su Shafi'iyya ne yawancinsu, ba kamar mu Malikiyya da ke yi a ɓoye kafin ruku'u ba. Ya ce amma da ya yi sallama anka gane baƙo ne kamar su cinye shi don murna.

Biyar da rabi daidai mai jirgin da zai fita da mu ya zo, a nan kam ban ga laifinsa ba, ba shi da lattin ko minti guda duk ranaku biyun da munka fita da shi. Dattijo ne baƙi siriri da hula irin tasu mai ɗinki, mu dai Malam muke ce masa, shi kuma ya ce min Mama. Yaran otal sun koya wa ɗiyana gaisuwar manya ta can, sunka ce masa shikamoo, ya amsa marahaba, na ce ai wannan marabarmu ce. Haka munka yi ta tsintar kalmomi duk zamanmu, alfajiri, asubuhi, sabuni, dakika, Alhamisi, Ijumaa, hatari, duk sai ka ji kamar Hausa ce anka ɗan lanƙwasa, Larabci ne ya haɗa mu da su.

Munka fita bakin teku da tocila, sai me? Babu teku. Ina nufin ruwan da munka kwanta muna jin ƙararsa daf da katangar otal ya janye ya tafi can nesa, abin da ya rage sai farar ƙasa jiƙaƙƙiya da 'yan kududdufai, ga jiragen nan duk sun zauna kan yashi sun karkace. Malam ya tsaya ya ce yau kam ngalawa ba ta tashi sai hantsi ya ɗaga sosai. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Saboda wanda ya karɓi kuɗinmu a ofis ɗan garin ne, ya san ruwa zai janye da asubar nan, ba abu ne da ke zuwa ba zato ba, a rubuce yake, har a waya ana dubawa, amma ya karɓi kuɗin jirgi bai ce mana uffan ba. Wannan shi ne babban laifinsu kuma ba zan rufe shi ba. Ƙaramin yarona tun Sakkwato yake zancen jirgin ruwa, sai ga shi ya fara hawaye cikin duhu, ni ma kaɗan ya rage.

Abin da ya sa ban ce kar kowa ya je wajensu ba shi ne abin da dattijon nan ya yi bayan haka. Bai tsaya kare ofis ba, ya ce an yi kuskure, ranar da ruwa zai yi daidai shi da kansa zai fitar da mu ba ƙarin ko sisi, amma yau tunda kun riga kun tashi ku zo mu taka cikin tekun da ƙafa. Ya duba ƙafafunmu ya ce kar wanda ya cire takalmi, akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da ke kwanciya cikin kududdufan, in ta soki mutum ƙayar karyewa take a ciki. Ya nuna mana su da tocila, ga su nan birjik. Silifas munka sa kuma bai wadatar ba, yashin na riƙe shi, duk wanda zai je ya nemi takalmin roba mai rufe ƙafa.

Muna tafiya yana mana bayani, Turancinsa kaɗan ne namu ma haka amma mun fahimci juna. Ya ce ruwan sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana guda, kuma kullum lokacin na ƙara matsawa gaba da kusan minti 50, wata ne ke jansa. Ya tambayi Abban yara yau nawa ga watan Musulunci, ya ce goma. Ya ce to shi ke nan, in kana son ruwa cike da asuba a nan sai ka zo kwana biyu ko uku bayan tsayuwar wata, ko kuma bayan daren sha huɗu, wajen sha shida sha bakwai. Wajen goma ga wata da wajen ashirin da huɗu ko da biyar kuwa da asuba ruwa a janye yake. Kun ji abin da ya kamata a faɗa mana a ofis cikin minti guda. Kuma mu mutanen Sakkwato wa zai koya mana lissafin wata, garin da daga fadar Sarkin Musulmi ake sanar da tsayuwarsa, ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san yau nawa ga wata. Da na sani tun gida da lissafin nan zan yanki tikiti.

To amma ko a ƙafar ma abin da munka gani ranar ba ƙarami ba ne. Gari ya fara yin shuɗi-shuɗi, sannan can ƙasa wajen gabas ya yi ja kamar an zuba manja, kuma saboda yashin a jiƙe yake sai duk launin ya kwanta a ƙasa, sama ja ƙasa ja, kana tafiya kamar kan madubi. Can nesa fiye da kilomita guda kana hango wani farin layi kana jin ruri, Malam ya ce nan ne duwatsun murjani sunka tare manyan igiyoyin ruwa, shi ya sa na cikin nan yake kwance lumui. Munka iske turaku an kakkafa jere-jere da igiyoyi a ɗaure kamar kunyoyin gona, ashe gonar ce, ta ciyawar teku da suke kira mwani, kuma mata ne ke nomanta. Tun wajen 1989 anka fara a yankin. Suna ɗaura 'yan rassa a igiya, bayan kamar sati shida su girbe su shanya su sayar, ana fita da ita waje ana sa sinadarinta a man goge baki da askirim, su ma suna yin sabulu da ita. Mun iske mata uku sun riga mu fitowa, da zannuwansu da lulluɓinsu tsaf, zaune cikin ruwa suna ɗauri. Na yi musu sallama sunka amsa da fara'a, sai sunka tuna min da matan fadamar Kwalkwalawa lokacin cirar albasa, wahalar guda ce, sai dai su gishiri ke cin hannunsu. Na sayi sabulun guda shida daga baya na kawo tsaraba.

Kwana shida munka jira. Ranar sha shida ga wata, wadda ita ce asubarmu ta ƙarshe, Malam ya zo da wani matashi mai taimaka masa. Wannan karon tun daga ɗaki kana jin ruwa na dukan katanga. Ngalawar tana nan tana rawa bisa ruwa, kuma sai da na ganta kusa hankalina ya ɗan tashi don siririya ce ƙwarai, gungumen mangwaro guda anka fafe, faɗinta bai fi mutum ɗaya ya zauna ba. Na saba ganin kwalekwalen Sarkawa a gulbin Rima da na Argungu, to wannan ta fi su matsewa, sai dai tana da wasu katakai biyu dama da hagu kamar fikafikai, su ke hana ta kifewa. Ba inji, wani babban ƙyalle ne mai kusurwa uku ake ɗagawa iska ta tura.

A nan na sake samun abin da ban ji daɗinsa ba, rigar kariya ta ruwa guda biyu kawai sunka kawo kuma duk na manya. Na ce Malam ɗiyana ba su iya ruwa ba, mu ba mutanen teku ba ne, ba zan sa su cikin jirgin nan haka ba. Abban yara ya ce a yi haƙuri lokaci na tafiya, na ce Alhaji ka yi haƙuri, rana gobe ma za ta fito, ɗa kuwa ba a sayo shi kasuwa. Malam bai yi musu ba ya tura matashin da gudu, cikin minti goma ya dawo da ƙanana biyu da ya aro wani wuri. Ya kyauta da bai ja zancen ba, amma abu ne da tun farko ya kamata a tanada tunda a rasit an rubuta yara biyu. Duk uwar da za ta je ta tambayi wannan tun kafin ta miƙa kuɗi, ta ce a nuna mata rigar ta gani da idonta.

Munka shiga, ruwan ɗumi gare shi kamar an surka, ban zata ba. Anka ɗaga ƙyallen, iskar da suke kira kaskazi wadda ke busowa daga arewa maso gabas a irin watannin ta cika shi, sai kawai jirgin ya zame ya tafi, ba ƙara ba hayaƙi, ba abin da kake ji sai ruwa na shafar katako. Wata na nan bayanmu ta yamma bai faɗi ba, kusan cikakke, gabanmu kuma gari na buɗewa. Ban taɓa ganin sararin da ya kai wannan ba. Mu ma muna da fili a ƙasarmu, in ka fita hanyar Illela ko Wurno kana hango nesa, amma dole ka ga gawo ko giginya ko rumbu ya tsaya maka. Nan babu komai, layi guda ne miƙaƙƙe tsakanin ruwa da sama.

Malam ya sauke ƙyallen ya jefa wani dutse mai igiya munka tsaya cik. Ya ga Abban yara ya fiddo carbi sai ya yi wa matashin alama ya yi shiru, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa nake yaba masa, ya san lokacin magana ya san lokacin barinta. Munka yi azkar ɗinmu na safe, asbahna wa asbahal mulku lillah, yaran na bi. Wajen shida da kwata sai wani ɗan jan baki ya leƙo daga cikin ruwan, kamar garwashi, ɗiyata ta riƙe min hannu ta ce Umma ga ta nan. Kuma sauri take, abin da ya ba ni mamaki ke nan, daga leƙowarta zuwa ta fito gaba ɗaya bai kai minti uku ba, kana ganin motsinta da idonka, ƙasanta kamar ya manne da ruwan yana ja sannan ya saki. Sai hanya guda ta haske ta shimfiɗo daga can har jikin jirginmu, ruwan da ke baƙi ɗazu ya koma kore-kore kana hango yashin ƙasa. Tsigar jikina ta tashi. Ayar nan ta cikin suratur Rahman ta faɗo min, Rabbul mashriƙaini wa Rabbul magribaini, ayar da na haddace tun ina makarantar allo ina rerawa, ranar na ji ta a jikina, hawaye sunka zubo min kuma ban share ba.

Sai na tuna da Inna. Zanzibar ta riga mu da sa'a biyu, shida da kwata na safe a Zanzibar huɗu da kwata ce ta Sakkwato, kuma na san a irin lokacin tana bisa sallaya. Netwok na kamawa ko a cikin ruwan, na kira ƙanwata da ke kwana ɗakinta ta bidiyo na ce kai wa Inna. Fuskarta ta fito cikin duhu da lulluɓi ga sanyin hunturu, na juya mata kyamara. Ta yi shiru, can ta ce ke ɗiyar ga, mi nike gani haka, rana ta? Na ce rana ce Inna. Ta ce nan ko assalatu ba a kira ba. Ta yi ta salati, ta ce ashe kullum ta wajenku take biyowa kafin ta iso mana, to ku gaishe ta ku ce muna nan muna jira. Malam ya leƙo ya yi mata sallama ta amsa ta sa masa albarka da Hausa, bai ji ko kalma guda ba amma amin yake ta cewa. A duk kuɗin da munka kashe a tafiyar nan, wanga minti biyu shi ne na fi jin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Karin kumallon ba wani abin a zo a gani ba ne amma ya wadatar. Shayi mai citta da kirfa da kanumfari a fulas, yana da zafi kuma ƙamshin kanumfarin daban yake da wanda muke saye a ƙulle, ai can ake nomansa. Akwai mandazi, kamar fankenmu ne sai dai da madarar kwakwa ake kwaɓawa kuma bai kai namu maiƙo ba, na ranar ya kwana don ya yi tauri, sai kwakwa ɗanya da anka fasa mana munka sha ruwan, da ayaba da mangwaro. Abban yara gahawa ya sha cikin ɗan ƙaramin kofi, baƙa wuluk ba sukari. Ni dai a raina da kunun gyaɗa da ƙosai ne da ya fi, yaran kuwa sun cinye komai. Hoton da anka yi alkawari matashin ne ya ɗauka da wayarmu, ba wani mai kyamara ba ne kamar yadda anka nuna mana a ofis, rabin hotunan mun fito baƙi ƙirin don rana na bayanmu, na ranar ita kaɗai ne sunka yi kyau. Wanda hoto ya dama ya yi nasa tanadi.

Akwai abin da mata da yawa sunka tambaye ni a keɓe, wai ya zancen tsiraici, ai bakin teku ne. Gaskiya da rana akwai Turawa da shigarsu irin ta wanka, ba zan ce babu ba, ko da yake cikin ƙauyen ana roƙonsu su rufe jiki kuma mutanen garin kusan duk Musulmi ne, matansu da hijabi, kiran salla biyar kana ji daga ɗaki. Amma da asubar nan babu kowa, masu shigar banza duk suna barci, masu tallan da ke bin mutum da rana su ma ba su fito ba, daga masunta sai matan mwani sai mu. Da hijabina har ƙasa na shiga jirgin ba wanda ya kalle ni sau biyu. Don haka ga iyali irin namu lokacin nan shi ne lokacin teku, ko ba ka biya kowa ba ka fito ka zauna kan yashi bayan salla, ranar kyauta take fitowa. Kuɗin na jirgi ne da sanin Malam, kuma sanin nasa ya fi jirgin daraja a wajena.

In za a ce in ba su maki cikin biyar, dattijon nan biyar cif zan ba shi, ofis ɗin kuwa biyu, saboda ɓoye mana zancen janyewar ruwa da rigunan yara da zancen mai hoto. Kafin mu taho na koma na faɗa wa wanda ya karɓi kuɗin haka a gabansa, cikin mutunci, ya ba da haƙuri ya ce zai gyara, Allah Ya sa. Wanda zai je ya kauce wa watan Afrilu da Mayu don lokacin ne babbar daminarsu, gajimare zai rufe masa komai, ya duba kwanan wata na Musulunci kafin ya sa rana, kuma kar ya bar fitar zuwa asubar ƙarshe kamar yadda ta kama mu, don da hadari ya taso ranar shi ke nan mun taho ba mu gani ba.

Kafin takwas Malam ya ce mu juya, ruwa ya fara ja, in munka ƙara jinkiri sai mun turo jirgin da hannu. Da munka sauka Abban yara ya ba shi ɗan ihsani a hannunsa ban da na ofis, ni kuma na ba shi ƙullin kilishi da ragowar dabinon da munka taho da su, ya buɗe kilishin nan take ya ɗanɗana, yaji ya kama shi yana tari yana dariya yana cewa tamu sana, wato da daɗi ƙwarai. Wajen ƙarfe goma muna loda kaya a mota na leƙa ta baya, ruwan ya tafi can wajen farin layin nan, ngalawar da ta ɗauke mu na zaune kan yashi a karkace, mata kuwa sun cika gonakin mwani da buhunansu.